Mai Mota, A Gyara Fakin

Mai wayarin ya ja tef ɗin awonsa tun daga jikin mita, ya bi lungun da ke gefen gidan har bakin get, sannan ya sake shi ya nannaɗe kansa da ƙara. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Auta ta san wannan susar. Duk wanda ya taɓa kai mota gareji ya san in mai gyara ya fara sosa ƙeya, to aljihunka ne ke yi masa ƙaiƙayi.

"Faɗi kawai, malam," in ji ta. "Na shirya."

"Ba ki shirya ba, 'yar'uwa, amma zan faɗa." Ya tsuguna ya ƙwanƙwasa simintin lungun da gindin sukundireba. "Shi akwatin cajar ba shi ne matsala ba. Abin da kika ce kin tanada ya ishe shi, har da ladan aikina. Tafiyar ce mai tsada. Mitarku tana can ƙuryar gida, motarki tana kwana nan bakin get. Wayar da za ta ɗauko wannan wuta ba irin ta fanka ba ce, kaurinta ya kai babban yatsanki, jan ƙarfe zalla, kuma kowane taki da kuɗinsa. Sannan ba a barin ta a fili, ga ƙofar kicin, ga famfo. Sai an fasa simintin nan daga farko har ƙarshe, a haƙa rami, a zura ta a bututu, a binne, a sake daɓewa."

Da ya faɗi jimillar, Inna, wadda ke tsaye a tagar kicin tana yi kamar wanke-wanke take, ta saki murfin tukunya a ƙasa. Kuɗin ya ninka abin da Auta ta tara, har da ɗoriya.

"Malam, caja na ce ka sa mini, ba titi ba."

"Ai da titin kika ba ni da na fi samu."

Auta direba ce. Ita ce ƙarama a gidan, shi ya sa har yanzu da ta girma, yaran layi na rusuna mata, ba wanda ke kiranta da wani suna. Tana jigilar fasinja da wata 'yar farar mota mai aiki da lantarki, wadda ta saya ta hannu bayan ta daɗe tana tuƙa ta wasu. Motar ba ta shan fetur, ba ta neman baƙin mai, amma tana cin lokaci. Wurin cajin da ya fi kusa yana bayan wani babban kanti, kawunan caja kaɗan, direbobi kuwa kamar ƙudan zuma. Wata rana ka samu wuri nan take, wata rana hantsi ya dubi ludayi kana kallon bayan motar wani. Ta taɓa gwada jona ta a soket ɗin falo da doguwar waya. Soket ya narke, firjin Inna ya suma, daga ranar aka kafa doka.

Ana haka sai arziki ya ƙwanƙwasa ƙofa. Babbar nas ta wani ƙaramin asibiti, wadda Auta kan kai gida in ta tashi aiki, ta ce suna neman tsayayyen direba da zai riƙa kwaso ma'aikatan safe kullum, albashi duk wata, ba sauran gararamba cikin rana neman fasinja. Sharaɗi ɗaya ne, ba latti. "Masu kwana ba sa tafiya sai na safe sun iso," in ji ta. "In kin san za ki iya, ki kira ni kafin ƙarshen mako. In ban ji ki ba, akwai wani yana jira." Auta ta san ba za ta yi alkawarin sammako ba alhali cikar batirinta tana hannun layin bayan kanti. Ko dai a sa caja a gida, ko ta zuba ido aikin ya wuce ta.

Mai wayarin ya tattara kayansa, har ya rataya jaka, sai ya nuna da haɓa can ƙarshen lungu, inda wata rumfar kwano take. A ƙarƙashinta akwai wani abu mai tudu lulluɓe da tamfol, ga mitar a bango dab da shi.

"Wancan fa? In da motarki za ta riƙa kwana a wurin, wayar da zan sa ba ta fi tsawon hannuna ba. Ba rami, ba siminti. Kuɗinki ya isa har ki sha lemo da canji."

"A'a," in ji Auta da Inna a tare, ɗaya daga lungu ɗaya daga taga.

"Wurin Gimbiya ne," Inna ta ƙara, tana rage murya.

"Wace ce kuma Gimbiya?"

"Kar ka so ka sani, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka, sauka lafiya."

Gimbiya motar Baba ce, tsohuwar tasi shuɗiya mai dogon hanci. Ita ta ciyar da gidan, ita ta kai kowa makaranta, a cikinta ma Auta ta koyi tuƙi tana zaune kan matashin kai don ta hango titi. Tun Auta ba ta gama sakandare ba, Baba ya shigar da ita rumfar da baya wata rana da yamma, ya kashe, ya fito, bai sake fitar da ita ba. Amma bai yasar da ita ba. Kowace safiya yakan yaye tamfol ya goge ta, ya buɗe bonet ya shafa nan ya taɓa can, lokaci-lokaci ya sa sifana ya juya injin da hannu don kar ya cije. A gidan ba a cewa Gimbiya ta mutu, ba a cewa ta lalace. Hutawa take. In baƙo ya tambaya, sai Baba ya ce, "Lafiyarta ƙalau, ko gobe na ga dama sai ta hau titi." Abin da kowa ya sani kuma ba mai faɗa shi ne, ba Gimbiya ce ta fara gajiya ba, idon Baba ne. Yanzu in zai zuba shayi sai ya ɗora yatsa a bakin kofi.

Yaya, babban wan Auta, ma'aikacin ofis ne da ke zaune da iyalinsa a wata unguwa. Inna ta ba shi labari a waya. Shi kuwa mutum ne mai son a gama magana yau-yau. Washegari sai ga shi da wani ɗan gwangwan, irin masu sayen tsofaffin ƙarafa, ya shigo da shi har rumfa a lokacin da ya zaci Baba ya kishingiɗa. Auta na wanke motarta a bakin get, ta bi su da soso a hannu tana ce wa Yaya ya tsaya, bai ko waiwayo ba.

Ɗan gwangwan ya ɗaga tamfol, ya shuri taya, ya ƙwanƙwasa ƙofa da bayan yatsa, ya gyaɗa kai.

"Ƙarfen da ne, akwai nauyi. Da kilo zan saya."

"Ni fa, kilo nawa kake ganin zan yi?"

Suka juya. Baba ne tsaye a ƙofar baya da singileti, hannu ɗaya riƙe da bango.

"Ka haɗa mu ka auna gaba ɗaya, ka huta dawowa."

Ɗan gwangwan ya saki tamfol kamar ya taɓa garwashi, ya ce ya tuna ya bar kurar kayansa a rana, ya fice.

"Baba, don Allah a dubi gaskiya," in ji Yaya. "Motar nan ta..."

"Ta me?"

Yaya ya sassauta murya. "Ta daɗe tana hutawa. Yarinyar nan aiki za ta rasa saboda ƙarfen da ba ya motsi."

"Wanda ya taɓa motata ban ba shi makulli ba, ni ya taɓa." Baba bai ɗaga murya ba. Ya mayar da tamfol, ya samo igiya ya ɗaure shi tamau, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya jawo kujerarsa ya dasa a gaban motar ya zauna. Da Auta ta kawo masa ruwa, ya karɓa bai ce mata sannu ba. Ta gane ya ɗauka ita ta turo su, kuma wannan ya fi kuɗin rami yi mata ciwo.

"Ka kyauta," in ji Inna da ta raka Yaya get. "Ka tsokano gidan rina, za ka koma ofishinka mai sanyi, mu ka bar mu da harbi."

Mako ya zo gangara. Auta ta ɗauki waya sau ba adadi za ta kira babbar nas ta ce a ba wancan, sai ta ajiye. Wata safiya tana layin caja a bayan kanti, ta kifa kai a sitiyari, tunani ya tafi da ita, ba ta lura ta tare wa wata motar kaya hanyar fita ba. Sai ta ji an ƙwanƙwasa gilashi da makulli. Wani dattijon direba ne da tawul a wuya.

"Mai mota, a gyara fakin."

Ta yi firgigit, ta ja gaba kaɗan, ya wuce. Ya ɗaga mata hannu, ta ɗaga masa. Shi ke nan, ba cacar baki, ba wanda ya ji haushi.

Sai da motar kayan ta ɓace sannan abin ya faɗo mata. Mutumin nan bai tambaye ta ko motarta tana da lafiya ba, bai shuri tayarta ba, bai ba ta shawarar ta sayar ba. Ya ɗauke ta direba, ya ɗauki motarta mota, ya nemi hanya. Baba ne ma ya koya mata haka tun tana kan matashin kai: direba ba ya tura motar wani, ba ya zagin motar wani, mai ita yake nema. Duk tsawon shekarun nan an ce wa Baba ya sayar, an ce ya bayar, an ce a jawo ta a kai wani wuri. An faɗa masa da lallami, an faɗa masa da gatse. Amma ba a taɓa samun wanda ya roƙe shi ya matsar da ita ba, don duk gidan, har da masu cewa hutawa take, ba wanda ya yarda tana iya matsawa.

Tsoro ya biyo bayan tunanin. In ya yarda, ya gwada, ta ƙi tashi a gaban jama'a fa? Ta rasa aikin, shi kuma ya rasa maganar da yake faɗa wa baƙi. Duk da haka ta bar layin ba ta yi caji ba, ta nufi gida.

Ta sa Inna ta wangale get. Maimakon ta tsaya inda ta saba, sai ta karya kai ta shiga lungun a hankali, madubi na gaisawa da bango, har ta tsaya hancin motarta na kallon gwiwar Baba a kan kujerarsa. Ta danna hon sau ɗaya, gajere, irin na girmamawa. Ta sauke gilashi.

"Sallama dai, mai mota."

Baba ya gyara zama a kujerarsa.

"Ranka ya daɗe, a ɗan gyara mana fakin. Akwai mai son shiga."

Inna ta toshe baki da gefen mayafi. Baba ya daɗe yana kallon farin abin da ke gabansa, haɓarsa na motsi kamar mai tauna magana.

"Wa ya koya miki shigowa lungu da gaba?" ya ce a ƙarshe. "In za ki fita fa?"

"Da baya zan fita. Wanda ya koya mini ba ya wasa da ribas."

"Hm." Ya shafa gwiwa. "Ina za a sa ta?"

"Bakin get, inda tawa ke kwana. Inda duk mai wucewa zai gan ta."

"Rana fa? Fentin nan ba ya son rana."

"Zan sa a kafa mata rumfa."

"Ba mai jan ta da igiya. Ba mai ɗora ta a bayan wata. Da ƙafarta ta shigo, da ƙafarta za ta fita."

"Ai ba ka ga igiya a hannuna ba, Baba."

Ya miƙe, ya naɗe kujerar ya jingina da bango. "To ja da baya, kin tare mini hanya. Ki nemo batir da galan ɗin fetur, ki biya ki kira mini mai faci. Kuma ki canza wannan kayan, ƙarƙashin mota za ki shiga."

Sun yini a kanta, sun kuma wayi gari a kanta. Mai facin bakin layi ya turo injin iskarsa, ya ciro tub ɗin baya ya ɗaga sama yana dariya, ya ce facin da ke jiki ya fi robar yawa, kuma rabinsu aikin mahaifinsa ne. Auta ta kwanta a kan kwali ta tsiyaye tsohon fetur da ya koma ja yana warin lalataccen fenti. Baba ya karɓi farantin baƙi na Inna, duk da ƙorafinta, ya warware kafireto a kai gunduwa-gunduwa. Bai ko sunkuya ya duba ba. Yatsunsa ne ke gani. Ya ɗauki ƙaramin abu ya busa, ya kira sunansa, ya ajiye, ya miƙa hannu ya ɗauki na gaba ba kuskure. Auta ta kankare fulogi, ta zuba ruwa a lagireto, ta daddaki birkin baya da guduma har ya saki. A cikin but ɗin bayan motar suka tsinci lemar Inna da ta ɓata tun ana zargin wata maƙwabciya da ta riga ta tashi daga unguwar.

"Allah ya yafe mini," in ji Inna tana kaɗe ta. "Na daina gaishe da matar nan a banza."

Da aka ɗaura batir, Baba ya murɗa makulli. Ƙas. Ya sake. Ƙas.

"Sitata ce ta ƙi juya injin," ya ce, ko a jikinsa. "Dama tun tana budurwa ba ta cika son makulli ba. Turi take so."

Turi kuwa ba a yin sa a ɓoye. Get a wangale, mai faci ya riga ya baza labari, kafin a ce kwabo bakin gidan ya cika. Masu shago, matan layi, har da mai wayarin, wanda Auta ta kira tun safe ta ce ya zo da kayan aiki, in Allah ya yarda. Yaya ma ya iso da farar rigar ofis da takalmi mai sheƙi, yana raɓe-raɓe a bayan mutane.

"Kai, mai kilo," Baba ya kira shi ba tare da ya juya ba, don ya gane takunsa. "Zagaya baya ka tura. Yau za ka san nauyinta."

Aka kwashe da dariya. Yaya ya naɗe hannun riga ya bi sahun mai faci da mai wayarin.

Lungun matsattse ne. Ta gefen direba akwai wurin mutum ɗaya, ta ɗaya gefen kuwa tafin hannu ne tsakanin madubi da bango. Auta ta tsaya a tagar direba, ta kafa kafaɗa a jikin ƙofa. Baba ya zauna, ya gyara kujera, ya kama sitiyari da hannu biyu. Ta ga jijiyoyin bayan hannunsa sun tashi.

"Auta," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Na'am, Baba."

"Get ɗin nan, an sake masa fenti ne?"

Ta kalli get ɗin, yana nan yadda yake tun tana yarinya, hasken rana ya cika bakinsa. Ta gane ba ya ganin ginshiƙan.

"Ina nan kusa da kunnenka," ta ce, yadda ba wanda zai ji. "Kai dai riƙe sitiyari."

Ya gyaɗa kai, ya taka kuloci, ya sa giya ta biyu, ya ɗaga murya kamar yana tsakiyar tasha. "Ku tura!"

Gimbiya ta yi ƙugi, ta motsa. Tayoyin da suka manta zagaye suka fara juyawa dugus-dugus. A tsakiyar lungu Baba ya saki kuloci. Motar ta yi tsalle, ta yi tari sau biyu kamar tsohuwar da ta sha ruwan sanyi, ta tsaya cik. Jama'a suka ce "ash". Wani a waje ya yi dariya, wata ta ce masa ya rufe baki. Auta ba ta iya kallon fuskar Baba ba.

"Ta yi magana ai," in ji shi. "Kun ji ta yi magana. Ku mayar da ita baya. Wannan turi ne ko lallashi? Ba ku karya ba ne?"

Suka zagayo suka mayar da ita har cikin rumfa, suna haki. Wannan karon wasu maƙwabta suka shigo suka sa hannu, har Inna ta ajiye lemarta ta dafa but. Auta ta share zufa da kafaɗa, ta ce bismillah.

"Ku tura!"

Suka taho da gudu. Bango na wucewa ta gefen idonta. "Hagu kaɗan," ta raɗa. "Ya isa. Miƙe. Miƙe, Baba. Yanzu!"

Ya saki. Motar ta fizge, ta yi tari, ta sake yi, sai salansa ta buga wata ƙara kamar an fasa tulu, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ya rufe farar rigar Yaya. Daga cikin hayaƙin aka ji injin ya kama, da kakkausar murya mai rawa, sannan ya daidaita ya yi ruri. Auta na gudu a gefe, hannunta a kan taga. "Dama kaɗan, get ne! Miƙe!" Ginshiƙi ya wuce ta dab da kafaɗa. Gimbiya ta fito titi.

Ihu ya tashi. Mai faci ya riga ya ruga ya tsayar da masu wucewa da hannu biyu kamar ɗan sanda. Baba ya taka birki da kuloci tare, yana ba ta wuta kar ta mutu.

"Ke, shigo! Ba a kashe ta yanzu, sai ta yi zafi."

Ta zagaya da gudu ta faɗa kujerar gaba. Suka bi layin a giya ta ɗaya, ba su fi saurin mai tafiya a ƙasa ba. Ita tana karanta masa titi a hankali, ga rami ta dama, ga mai keke ya tsaya, ga kwana ta zo. Shi kuwa ya fito da gwiwar hannu ta taga, ya ɗaga haɓa, yana amsa gaisuwar mutanen da ba ya gani. A gaban shagon tela ya danna hon, ta yi kuka kamar akuya mai mura, duk layin ya ɗauka da shewa.

Suka juyo a inda titi ya buɗe. A bakin gida Baba ya wuce get kaɗan, ya sa ribas, ta faɗa masa tazara, ya murɗa sitiyari da tafin hannu ɗaya ya zura ta wurin fakin ɗin Auta a tashi guda, ba gyara. Ya bar ta ta ɗan yi numfashi, sannan shi da kansa ya murɗa makulli ya kashe. Ya fito, ya rufe ƙofa, ya sa makullin a aljihu.

Yaya na tsaye baƙi ƙirin daga fuska zuwa ciki, yana tari.

"Ka gaya wa abokinka," in ji Baba, "ba ta samu damar zuwa sikeli ba, ta fita unguwa."

"Na ji, Baba. A yi haƙuri."

"Je ka wanke fuska, ka tsorata yara."

Kafin la'asar mai wayarin ya gama. Ya huda bango dab da mita, ya kafa akwatin, ya binne sandar ƙarfe a ƙasa, ya sa wa cajar makunninta daban don firjin Inna ya zauna lafiya. Wayar da ta ci ba ta kai tsawon tabarma ba. Auta ta share ƙasan rumfar, inda tayoyin Gimbiya suka bar tabo a siminti, sannan ta shigo da motarta, da baya, don ta san Baba na sauraren ta.

Ta ɗauko kan cajar za ta jona, Baba ya miƙo hannu.

"Kawo. Wurina ne, ni zan sauki baƙuwa."

Ta ba shi. Ya laluba gefen motar ya sami bakin, ya juya kan cajar ya daidaita, ya tura har ya ce ƙyas. Wata 'yar koriyar fitila ta kama a jikin akwatin tana ƙyaftawa. Baba ya karkata kunne, ya jira, bai ji komai ba.

"Ta kama?"

"Ta kama, Baba."

"Ba ko turi?"

"Ba ko turi."

Ya taɓe baki. "Ragwanci."

Auta ta goge baƙin man da ke hannunta a jikin zani, ta ciro waya ta kira babbar nas. Da aka ɗauka, sai ta gyara tsayuwa.

"Anti, ni ce, direba. Wa zan fara ɗauka, kuma ina ne gidansa?"